Hannunka Mai Sanda

Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, kuma a iya tunawata ban taɓa yin kuskure ba. In fayil ya ɓace, masinja ne. In wasiƙa ta makara, mai buga tafireta ce. In lissafi ya ƙi daidaita, wanda ya riƙe kujerar kafin ni ne. Da wannan kyakkyawar tarbiyya na yi ritaya. Likita ya ce in riƙa taka ƙasa saboda hawan jini, abokai suka ja ni filin golf, wasan nan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. A can na tarar da abin da ban taɓa gani a ofis ba, wato wurin da babu masinja. Daga kai sai ƙwallo sai sanda. Ƙwallon kuwa a zaune take, ba ta gudu, ba mai ƙwace maka ita. Da na ga ba dama a ɗora mata laifi, ni kuma ba a saba ɗora mini ba, sai ya rage saura sanda.

Cutata kashi biyu ce. Ta farko tana ga babbar sandar da ake buɗe wasa da ita, wadda ake kira direba. Tawa irin direban nan ne da ya sayi lasin bai koyi tuƙi ba, duk inda na nuna masa sai ya karkata dama ya faɗa cikin darbejiya. Ta biyu ta fi ciwo, tana ga fota, 'yar sandar da ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. A filinmu bakin rami ba ciyawa ba ce kamar yadda ake gani a talabijin, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, yaro ya ja buhu ya share maka hanya sumul kafin ka buga. Faɗin ramin milimita 108, na ƙwallon bai kai 43 ba. Kowa ya san ƙaramin abu yana shiga babba. Amma da zarar ƙwallona ta tsaya taku ɗaya daga rami, sai hannuna ya kama kyarma kamar na wanda aka miƙa wa takardar tuhuma, in zungure ta ta wuce, ko in shafa ta ta tsaya a hanya.

Kadina, yaron da ke ɗaukar mini jaka, ya sha gaya mini cikin ladabi: “Baba, kana shaƙe sandar ne. Sassauta mata.” Ni kuwa nakan ce masa ya ji da jakarsa. Yaron da aka haifa bayan na kai mataki na 12 a aiki, shi zai koya mini riƙo?

Wata Asabar bayan wasa muna zaune a barandar kulob, sai abokina Injiniya ya miƙo mini fotarsa ya ce in ɗaga. Na ɗaga na ji wani baƙon abu. Sandar ta fi tawa nauyi a hannu, amma da na kaɗa ta sai kanta ya bi ni salin-alin kamar raƙumi da akala. Ya ce sirrin yana cikin mariƙi, wato robar nan da ake riƙewa. An ɓoye ƙarfe mai giram 50 a can ƙarshenta, sama da inda hannu ke kamawa.

Da ya ga na yi sororo, sai ya ce, “Alhaji, ai kai ɗan fadama ne. Ka tuna jigo?” Na tuna sarai. Doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya. Ba don curin nan ba, da mai ban-ruwa ya karye kafin azahar. Curin bai rage wa ruwan guga ko ɗigo ba, amma shi ke sa guga ya taso kamar ba komai a ciki. To haka sandar golf take, in ji shi. Nauyinta a kai ya taru, kan direba kaɗai ya kai kimanin giram 200, mariƙi kuwa bai wuce 50 ba. In ka ƙara nauyi a gindi, tsakiyar nauyin sandar sai ta matso kusa da hannu, kai ya rage rinjaye, wuyan hannu ya rage rawar kai, kafaɗu su karɓi aikin.

Har sikeli gare su na wannan harka, wanda wani Ba'amurke mai suna Robert Adams ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ana ɗora sanda a kan maɗori da ke inci 14 daga ƙarshen mariƙi, a ga yadda kai ke rinjayar gindi. Sakamakon harafi ne da lamba, daga A mafi sauƙi zuwa B, C, D har sama, kowane harafi maki goma. Sandunan maza yawanci suna tsakanin D0 da D2. Giram 2 a kai yana ƙara maki ɗaya, giram 4 zuwa 5 a gindi yana rage maki ɗaya. Wato ka ƙara wa sanda nauyi, sikeli ya rantse ta yi sauƙi. Nan take na ji abin ya kwanta mini, don irin wannan lissafi na san shi tun a ofis: a ƙara kashe kuɗi, takarda ta nuna an yi tsimi.

Sai ya shiga jero mini manya. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, ya daɗe yana cusa dalma a gindin sandunansa. Sergio Garcia, ɗan Sifen da ya ci gasar Masters a 2017, shi ma yana sa nauyi a gindi. Justin Rose na Ingila da irin wannan fota ya ci gasar US Open a 2013. Abin ya ƙara yaɗuwa ne da hukumomin wasan biyu, ta Amurka da ta St Andrews a Sikotilan, suka hana jingina gindin fota a ciki ko ƙirji tun daga 1 ga Janairu, 2016. Masu kyarmar hannu da suka saba dogara doguwar fota a tumbi sai suka koma neman natsuwa a nauyi: kai mai giram 380 zuwa 400 maimakon 350 da aka saba, sanda ta ɗan ƙara tsawo, a riƙe ta ƙasa-ƙasa, nauyin gindi ya zauna bisa hannu.

Injiniya ya rufe da cewa abin ba ya yi wa kowa. Wani yana samun natsuwa, wani kuma kan sandar ne ke ɓace masa. Ya ce a fara da sanda ɗaya, da giram kaɗan, a gwada a gani. Wannan shi Bahaushe ke kira hannunka mai sanda. Sai dai kunnena ya riga ya toshe tun daga “kofuna 18”. Abin da na tafi gida da shi shi ne, tsakanina da Jack Nicklaus dalma ce kawai.

Da dare na sa ɗana ya duba mini farashin irin wannan mariƙi a intanet. Akwai na kamfanin SuperStroke, mai ƙarfen da ake ɗaurewa da ƙusa, giram 25 ko 50 ko 75. Da aka juya dala zuwa naira, aka ƙara kuɗin kawowa, sai na ji fanshona ya yi tari. Na ce a'a. Nauyi ai nauyi ne, ko daga Amurka ko daga bakin kasuwa. Kuma in giram 50 na maganin kyarma kaɗan, ai 120 zai tumɓuke ta har saiwa. Kuma me zai sa fota kaɗai ta more? Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, duka 14 ɗin za su sha magani.

Hajiya ta tarar da ni ina jera sanduna a tsakar gida, ta ce, “Alhaji, yau kuma me aka tsiro da shi?”

Na ce, “Kishiya zan yi wa nauyin sandunan nan.”

Ta tsaya cak da faranti a hannu. Da na yi mata bayani dalla-dalla har da jigo, sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “In dai ta sanda ce, Allah Ya ba da zaman lafiya. Amma ban taɓa jin an yi kishiya 14 rana ɗaya an kwana lafiya ba.”

Washegari na biya wajen mai balansin taya na sayi tsofaffin dalmomin da ake maƙala wa gefen wili, cike da gwangwanin madara biyu. Daga nan sai rumfar wani mai walda da na daɗe ina kai masa gyaran ƙofa. Ya juya direbata, ya leƙa ta, ya ƙwanƙwasa ta a benci, ya ce, “Yallaɓai, wannan ƙaramin aiki ne.” Duk wanda ya taɓa kai gyara ya san in an ce maka haka, to ka fara salati. Ya sa reza ya fille saman robar, ya narka dalma a gwangwanin kifi, kafin in ce wani abu ya tuttula ta cikin bututun sandar. Dalma tana narkewa ne a zafin digiri 327. Jikin direba kuwa ba ƙarfe ba ne, zaren gawayi ne da aka haɗe da danƙo. Wani hayaƙi ya tashi mai warin ƙonanniyar taya, gindin sandar ya tattare kamar ganda a wuta. Mai walda ya dubi sandar, ya dube ni, ya ce, “Yallaɓai, ashe jabu suka sayar maka. Roba ce.” Ya ɗauki zarto ya datse inci ɗaya da ya ƙone, ya miƙo mini guntun wai ko zan ajiye.

Sauran sai muka canza dabara. Ya riƙa zuba dalmar a guntun fayif, in ta huce ya fitar da ita kamar alli, tsawon ɗan yatsa, mu auna a sikelin mai sayar da citta na maƙwabta, giram 120 kowace, ya tura ta gindin sanda ya bi da guduma. Ramukan da reza ta bari kuwa, mai faci na gefe ya rufe su da solushan da faci, ɗaya bayan ɗaya, kamar tayar keke. Na dawo gida da sanduna 14, kowace da baƙin tabo a gindi kamar an yi musu ƙaho.

Wanda ya fara gane an yi wani abu kadina ne. Ya saɓa jakar ranar Talata, ya yi taku uku, ya sauke. “Baba, bulo ka sa a ciki?” Giram 120 sau 14 ya kama 1,680, fiye da kilo ɗaya da rabi, a kafaɗar yaron da zai yi tafiyar ramuka 18 cikin rana. Ya nemi ƙarin kuɗi, na ƙara masa, na ce in ya ga abin da zai faru ranar gasa shi da kansa zai dawo mini da canji. Gwajin ranar nan ban matsa ba, 'yan ƙwallaye na gangara da fota, suka shiga, na tattara na tafi. Mai babban makami ba ya nuna shi kafin ranar yaƙi.

Ranar Asabar ta gasar wata-wata na sa sabuwar riga da farar hula. Aka haɗa ni da Injiniya da wani abokinmu Likita, shi ne mai rubuta mini maki. Na tsaya a rami na farko, na ɗaga direba, sai na nemi kanta na rasa. Wanda bai taɓa wasan ba ba zai gane wannan tashin hankali ba. Mai buga golf ba ya kallon kan sanda in ya kai ta baya, jin nauyinsa yake yi a yatsu, da wannan ji yake sanin lokacin da zai sauko. Ni kuwa abin da ke hannuna kamar karan dawa ne da aka ɗaure wa dutse a gindi. Na runtse ido na kawo duka da iyakar ƙarfina. Iska ta yi ƙara, na juya sau ɗaya da rabi, hulata ta faɗi. Ƙwallo tana nan inda na ajiye ta, ko gezau.

Likita ya gyara tabarau ya ce, “Ɗaya.” Na ce ai gwaji nake yi. Ya ce, “Alhaji, mai gwaji ba ya cewa bismillahi da ƙarfi haka.” A dokar wasan, in ka yi niyyar dukan ƙwallo ka kuskure, an ƙirga maka.

Daga nan abubuwa suka rincaɓe ta hanyar da ban zata ba. Ashe bututun sanda a gindi yake da faɗi, yana tsukewa zuwa kai. Duk dukan da na yi sai dalma ta zame ta gangara ciki ta maƙale a inda ta ga dama. Wasu kuma suka yi sako-sako. Sandar ƙarfe mai lamba 7 in na ɗaga ta sai ta ce ƙwal, in na sauko ta ce ƙwal, kamar mai tallan kalanzir. Lamba 5 ta yi nauyin taɓarya. Lamba 9 ta yi fayau, ta aika ƙwallo can bayan rami wajen masu kiwon awaki. Amfanin jerin sanduna shi ne duk su ji iri ɗaya a hannu, ni kuwa na zo da 14, kowace da halinta, daidai yadda Hajiya ta hango.

A rami na 6 haƙurina ya ƙare, na ɓare facin lamba 7 na fara zungurar dalmar da tsinke. Likita ya dafa kafaɗata ya ce doka ta hana a sauya yanayin sanda da gangan ana cikin zagaye, in na cire kuma na buga da ita, kora ce daga gasar. Na mayar da faci na danne da babban yatsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Haka na bi sauran ramuka 12 ina kaɗa ƙararrawa, kadina na biye yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa, wai tari ne ya sarƙe shi.

Amma fa wani abu ya faru da ya hana ni kuka. Fota ta yi aiki. Duk wahalar da na sha kafin in iso bakin rami, da zarar na riƙe ta sai in ji zuciyata ta kwanta. Ina tuna akwai giram 120 na natsuwa bisa hannuna, sai in saki yatsu in bar sanda ta yi lilo da kanta. Taku ɗaya, ta shiga. Taku uku, ta shiga. A rami na 14 na jefa wata daga nisan da ko a mafarki ban taɓa ba. Ramuka bakwai na gama da gangarawa ɗaya tak. Na tashi da bugu 121, ni ne na ƙarshe a allo, na kusa da ni ya ba ni ratar 15, amma na hau baranda ina taƙama kamar angon da ya biya sadaki lakadan.

Na tara jama'a na yi musu lacca. Na ce kuskuren mai walda ne ya ɓata sauran sandunan, amma fota ta tabbatar da ilimin. Na kawo jigo, na kawo Robert Adams, na kawo Justin Rose, duk a gaban Injiniyan da na ji su daga bakinsa mako guda da ya wuce. Shi kuwa ya aika aka ɗauko sikelin kulob. Ya ɗora lamba 6, wadda dalmarta ba ta motsa ba. Da D2 take, yanzu ta sauko wajen A2, maki 30 cif, ƙasa da sandunan da ake yi wa mata. Sai ya ɗora fota, ya duba, ya sake dubawa. Ya danna facin da yatsa, yatsan ya shige zurum.

Aka yi tsit. Kadina ya matso, ya durƙusa, ya kife jakar. Sanduna a jaka kai ne a sama, gindi a ƙasa, abin da ni da mai walda da mai faci duk ba mu tuna ba. Dalma huɗu suka gangaro kan siminti, suna birgima zuwa ƙafafun mutane.

“Baba, ta fotar tun ranar Talata ta faɗo, kafin ma ka buga ko ɗaya,” in ji shi. “Na ga kana murna, shi ya sa na yi shiru. Amma yau ka sassauta riƙon sosai, wallahi.”

Dariyar da aka yi a barandar nan har masu gadi sai da suka leƙo. Likita ya ce a aikinsu ma suna da irin wannan magani, ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma tana warkar da masu irin cutata. Na duba hagu na duba dama ina neman masinja, babu. Maganar da yaro ya yi shekara biyu yana gaya mini kyauta, ita na saya da direba guda, da sanduna 13 masu faci, da mutuncina.

Don kada in zalunci ilimin, bayan kwana biyu na ari fotar Injiniya ta gaskiya na yi mako uku da ita. A gajeren bugu ta taimaka, ba ƙarya, hannu ba ya samun damar fizga. A dogon bugu kuwa na kasa auna nisa, musamman a yashinmu da ke son a ɗan doki ƙwallo da ƙarfi, kullum sai in tsaya a rabin hanya. Shi ta yi masa, ni ta yi mini rabi. Nauyin gindi yana sauya yadda sanda ke ji a hannu, kuma ga wanda hannunsa ke gaggawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ya koya wa mutum bugu, kuma in ya yi yawa sai ya sace maka kan sandar ɗungurungum. Garin neman gira ake rasa ido.

Dalmar kuwa ban kai ta gida ba. Hajiya ta ce kada ta kuskura ta gan ta inda jikoki ke wasa, kuma gaskiyarta, dalma guba ce, wanda ya ji abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an ja masa kunne ba. Na mayar wa mai balansin taya, ya saya a rabin kuɗin da ya sayar mini. Sababbin mariƙai 14 da sabon jikin direba sun ci ninkin abin da na guje wa tun farko, araha dai ba ta ado.

Saboda haka, ɗan'uwa, in wani ya miƙo maka sanda a baranda ka ji ta yi daɗi, ka are ta tukuna. In za ka ƙara nauyi, fara da sanda ɗaya da giram 20 ko 30, wajen wanda ke da sikeli ba wanda ke da guduma ba. Kafin duk wannan kuma, ka tambayi yaron da ke ɗaukar maka jaka, don shi ke kallon hannunka kullum. Nawa yanzu in ya ce “Baba, sassauta,” cewa nake “to, Malam,” kuma ƙarin kuɗin da na yi masa saboda dalma har yau ban janye ba.